Nawa Cikin Nawa? Jagorar Auna Labarin Kimiyya Kafin Ka Yarda Ko Ka Tura

Duk wanda yake da wayo a shekarar 2014 ba zai manta da daren ruwan gishiri ba. A farkon watan Agusta ne, makonni kaɗan da shigowar cutar Ebola Legas, wayoyi suka dinga ruri tun kafin kiran sallar farko. Uwa na kiran ɗanta da ke makaranta, yaya na kiran ƙanwarsa da ke gidan miji: a tashi a yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri, a kuma kurɓa, wai shi ne rigakafi. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa aƙalla mutum biyu sun rasu a dalilin shan ruwan gishirin. Ita kuwa Ebolar, mutum 20 ta kama a duk faɗin Najeriya, 8 suka rasu, kuma ba ta wuce Legas da Fatakwal ba.

Waɗanda suka yi ta buga wayar nan ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba, akwai masu digiri birjik a cikinsu. Ƙauna da tsoro ne suka haɗu, aka rasa mai tsayawa ya yi tambaya. Abin kuma bai wuce ba: yau saƙon murya ne a zauren dangi na WhatsApp, gobe bidiyon wani sanye da farar rigar likita, jibi kanun labari mai cewa "masana sun gano". A ganina ba sai mutum ya karanci likitanci ba kafin ya kare kansa daga mafi yawan waɗannan. Ya dai saba da tambaya guda, wadda kowane ɗan kasuwa ya iya ta a kan kuɗi amma yakan manta da ita a kan lafiya: nawa cikin nawa?

Mataki na 1: matse maganar ta koma jimla ɗaya

Saƙon murya na minti takwas, yawanci abin da ke cikinsa bai wuce jimla ɗaya ba. Cire sallama da rantsuwa da "don Allah ka tura wa duk wanda kake ƙauna", ka rubuta abin da ya rage: me aka ce abin yana yi, ga wa, cikin kwana nawa. "Yana wanke jini" ko "yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki" ba su kai a auna su ba, don babu abin da zai faru a ce ga shi maganar ta ƙaryata. "Yana saukar da sukarin mai ciwon suga cikin wata ɗaya" kuwa ana iya gwada ta: a auna kafin a fara sha, a auna bayan wata. In ka matse ka ga babu abin aunawa, aikinka ya ƙare a nan. Haka ma garin maganin da aka jera masa cuta goma sha biyar, daga basir zuwa hawan jini zuwa rashin haihuwa. Kowace cikinsu hanyarta daban a jiki, yawan jerin ma shi ne abin zargi.

Mataki na 2: nemi isnadin labarin

Mu da muka taso inda ake karatun hadisi, bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Malaman hadisi ba sa karɓar "an ce". Sai sun ji wane daga wane, sun bincika ko mai ruwayar ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga bakinsa, sannan su duba matanin. Haka za ka yi wa "masana sun gano". Waɗanne masana? A wace jami'a ko cibiya, a wace shekara, a wace mujalla aka buga? Ɗauki sunan da aka ambata da sunan maganin ka nema a intanet. In bayan minti biyar ba ka ga komai ba sai shafukan da ke kwafar juna kalma da kalma, labarin ba shi da tushe. Ka duba fannin mai maganar kuma. Farfesan injiniya mutum ne mai daraja, amma a kan ciwon ƙoda matsayinku ɗaya da shi.

In ka samo asalin binciken, duba a kan wa aka yi gwajin: mutane ne, ɓeraye ne, ko ƙwayoyin halitta a cikin ɗan faranti a ɗakin bincike? Abubuwa da yawa na kashe ƙwayoyin kansa a faranti, har da waɗanda za su kashe mutumin in ya sha. Ko magungunan da suka tsallake duk wannan aka fara gwada su a jikin ɗan Adam, kusan 9 cikin 10 ba sa kaiwa ga samun lasisi.

Sai dai kyawun isnadi kaɗai bai wadatar ba. A 1998 mujallar The Lancet, wadda tana cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ta buga rahoton wani likita ɗan Birtaniya, Andrew Wakefield, da ya danganta allurar MMR ta rigakafin ƙyanda da lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Yara 12 kacal ya duba. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke masa lasisin aiki. A 2019 masu bincike a Denmark suka fitar da sakamakon bin diddigin yara 657,461, ba su ga wata alaƙa ba. Wanda ya tambayi "nawa?" tun a 1998 ba zai hana a yi wa ɗansa allura saboda yara 12 ba.

Mataki na 3: ƙirga har da waɗanda ba su yi magana ba

Nan ne aka fi zamewa. Mai magani zai kawo maka mutum goma da suka sha suka warke, kuma wataƙila dukansu gaskiya suke faɗa. Tambayar ita ce: goma cikin nawa? In dubu ne suka saya, ina labarin sauran 990? Wanda ya sha bai ga canji ba ba ya yin bidiyo. Wanda ya rasu kuwa an ce kwana ne ya ƙare.

Maganar auren AS da AS ta fi komai fito da wannan fili. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da ɗaya bisa huɗu na zuwa da SS, wato sikila, rabi na zuwa AS, ɗaya bisa huɗu AA. Kuskure biyu ake yi. Na farko, a ɗauka cewa cikin kowane 'ya'ya huɗu ɗaya ne tak zai zo da ciwon, har ka ji ana cewa "ai mun riga mun haifi mai sikilar, sauran lafiya za su zo". Ciki bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Kowanne sabon lissafi ne, ɗaya bisa huɗun nan na nan daram.

Na biyu shi ne hujjar maƙwabci: "Ga wane can, shi da matarsa AS ne, 'ya'yansu huɗu garau." Mu yi lissafin. Yiwuwar ɗa ɗaya ya tsira ita ce uku bisa huɗu. Ta huɗu su tsira gaba ɗaya ita ce uku bisa huɗu a ninka sau huɗu, wato 81 bisa 256, kusan kashi 32 cikin ɗari. Ka ɗauki gida 100 irin wannan, kowanne da 'ya'ya huɗu: kimanin 32 ba za su ga sikila ba ko ɗaya, 42 za su sami ɗa ɗaya mai ita, 21 za su sami biyu, 5 kuma uku ko fiye. Ashe maƙwabcin nan ba abin mamaki ba ne, lissafin da kansa ya ce za a same shi. Yana cikin 32 ne, sauran 68 na can suna zaryar asibiti ana neman jinin da za a ƙara wa yaro da tsakar dare. In 'ya'yan shida ne, gidajen da za su tsira sun ragu zuwa 18 cikin 100. In takwas ne, 10.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce. Haka ne, kuma lissafi bai ce ya san abin da zai faɗa wa gidanka ba. Abin da yake nunawa shi ne yadda abin ke rabuwa a gida ɗari. Manomin da ya ga hadari ya haɗu ya kwashe shanyarsa bai yi jayayya da ƙaddara ba.

Ka kuma riƙa tsoron ƙaramin adadi. Jefa ƙwandala sama sau goma, ka zaɓi fuska guda: yiwuwar ta fito sau bakwai ko fiye ta kai kusan ɗaya cikin shida, ba tare da wata dabara ba. Binciken mutum goma ko ashirin na iya nuna "nasara" ta irin wannan hanya, dace ne kawai.

Mataki na 4: da wa aka kwatanta?

Mura takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Mutum kuma ba ya neman magani sai ciwo ya kai ƙarshen tsananinsa, lokacin da dama sauƙi ya kusa. Duk abin da ya sha a ranar, shi zai kwashe yabon: faɗuwa ta zo daidai da zama. Don haka ba a sanin aikin magani sai an kwatanta waɗanda suka sha da wasu irinsu da ba su sha ba.

Dabarar tsohuwa ce. A 1747 wani likitan jirgin ruwa ɗan Sukotlan, James Lind, ya raba matuƙa 12 masu ciwon da ke kumbura dasashi yana zubar da haƙora zuwa rukuni shida, bibbiyu. Wasu ya ba su ruwan tsami na binega, wasu ruwan teku, wasu lemon zaƙi da lemon tsami. Masu lemon ne suka miƙe. Su ma adadinsu kaɗan ne, amma kwatancen ya nuna hanya.

A zamaninmu, ka tuna hayaniyar maganin kulorokwin lokacin korona. A watan Maris na 2020 wani rukunin likitoci a birnin Marsey na Faransa ya fitar da rahoto a kan mutum 36 cewa ɗan'uwan kulorokwin, hydroxychloroquine, na rage ƙwayar cutar. Ba a raba majinyatan ta ƙuri'a ba, kuma an cire mutum shida daga lissafin waɗanda suka sha maganin, cikinsu har da uku da aka kai sashen kulawa ta musamman da ɗaya da ya rasu. Duniya ta ɗauka, har a Legas aka kwantar da mutane saboda sun sha kulorokwin fiye da ƙima. Sai babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya raba majinyata ta ƙuri'a: sama da 1,500 suka sha, sama da 3,000 ba su sha ba. Cikin kwana 28, kimanin 27 cikin 100 na masu sha suka rasu, 25 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba. Babu amfani ke nan. An janye rahoton Marsey a ƙarshen 2024. Wannan gwajin na RECOVERY dai shi ne ya gano cewa dexamethasone, tsohon magani mai arha, ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi daga kimanin 41 cikin 100 zuwa 29.

Me ya sa ƙuri'a? Don in likita ne ke zaɓa, ko bai yi niyya ba zai iya bai wa masu ƙarfin jiki sabon maganin, sai a ga kamar maganin ne ya yi aiki.

Kada a ɗauka wannan yaƙi ne da maganin gargajiya. Maganin maleriya da muke sha yau, irin su Coartem, asalinsa ganye ne ɗan gidan su tazargade. Wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, suka yi ta gwaji har suka dace a farkon shekarun 1970, ta kuma karɓi kyautar Nobel a 2015. Abin lura a nan: cikin dubban da aka tara, kaɗan ne ƙwarai suka tsallake gwaji. Ko wannan ganyen ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a dafa shi a sha a matsayin maganin maleriya, don ba a san adadin sinadarin da ke cikin kowane kofi ba.

Mataki na 5: mayar da "kashi" ya koma kan mutane

A watan Oktoban 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko busarwa, ajin da kilishi ma ya faɗa, na ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin ɗari. Jaridu suka ce nama ya zama taba sigari. To kashi 18 na me? A Birtaniya kimanin mutum 6 cikin 100 ne ke kamuwa da kansar hanji a tsawon rayuwarsu. Ƙarin kashi 18 a kan 6 ya kai ka kusan 7. Ƙarin mutum ɗaya ke nan cikin ɗari, kuma ga masu ci kullum. Haɗari ne na gaske, amma ka kwatanta da sigari da ke ninka haɗarin kansar huhu sau 15 zuwa 30. Cibiyar ta sa sarrafaffen nama da sigari aji ɗaya na abubuwan da ke haddasa kansa ne don hujjar duka biyun ta yi ƙarfi, ba don girman cutarwarsu ɗaya ba. Duk inda ka ga "ya ninka" ko "ya ragu da rabi", nemi lambobi biyu: daga nawa, zuwa nawa.

Mataki na 6: "positib" a takardar gwaji ba hukunci ba ne

Wannan matakin ya fi sauran wuya, har likitoci na tuntuɓe a kansa, don haka mu bi shi a hankali da misali na ƙirƙira. A ce akwai cutar da mutum 1 cikin 100 ke ɗauke da ita. Akwai kuma gwajin da ke kama 9 cikin masu cutar 10, yana kuma yi wa 5 cikin lafiyayyu 100 ƙage. Aka gwada ka, ya nuna kana da ita. Yawancin mutane za su ce shi ke nan, kashi 90 an tabbatar.

Ɗauki takarda ka zana mutum 1,000. Masu cutar 10 ne, gwajin zai kama 9. Lafiyayyu 990 ne, zai yi wa kimanin 50 ƙage. Waɗanda takardarsu ta nuna cuta sun zama 59, masu ita da gaske 9 ne kawai. Yiwuwar kana cikinsu kimanin 15 cikin 100 ce. Yanzu a sake gwada mutum 59 ɗin da wani gwaji daban mai irin wannan inganci: zai kama kimanin 8 cikin 9, ya yi wa 2 ko 3 cikin 50 ƙage. An koma kusan 8 cikin 11. Dalilin ke nan da ba a sanar da mutum yana da HIV da gwaji ɗaya, sai an tabbatar da wani.

Sauya wurin kuma. A ce a asibiti ne, cikin masu alamomin cutar sosai, inda rabinsu ke da ita. Cikin 1,000, gwajin zai kama 450 daga masu cutar 500, ya yi wa 25 ƙage. Yanzu 450 cikin 475 ne, kusan 95 cikin 100. Gwaji ɗaya, ma'ana biyu, ya danganta da wa aka yi wa. Ana jingina wannan lissafi ga Thomas Bayes, wani limamin coci ɗan Ingila da aka buga rubutunsa a 1763, bayan rasuwarsa.

Ga inda ya shafe mu kai tsaye. Da wuya a sami gidan da ba a taɓa ce wa wani "maleriya da taifot ne" ba. Gwajin Widal da aka fi yi, wanda ya samo asali tun 1896, ba ƙwayar taifot yake gani ba. Martanin garkuwar jiki yake aunawa, wanda kan nuna a jinin wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya, ko wanda wata cuta daban ke damunsa, har da maleriyar kanta. In ana yi wa duk mai zazzaɓi, ƙagen zai yi yawa, a yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, ranar da ake bukatarsa da gaske kuma ya ƙi aiki. Kana da damar tambayar likita cikin ladabi: alamomina sun yi kama da taifot? Za a iya yin gwajin kalca, wanda ake renon ƙwayar daga jini? Haka ɗan tsinken gwajin maleriya na gaggawa: yakan ci gaba da nuna cuta har makonni bayan an warke, don haka ka faɗa wa mai gwajin in ba ka daɗe da gama shan magani ba.

Mataki na 7: zuwa tare ba haddasawa ba ne

Zazzaɓi na yawaita lokacin sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa, sai a ɗora musu laifi. Damina ce ta kawo masarar, ita ce kuma ta tara kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa. Turawa ma sun daɗe suna zargin warin fadama, sunan maleriya kansa daga Italiyanci yake, ma'anarsa mummunar iska, sai a 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya. In aka ce masu cin kaza sun fi tsawon rai, tambayi wane abu na uku ne ke iya kawo duka biyun. Sau da yawa wadata ce, ko shekaru.

Mataki na 8: yanke shawara, sannan ka san yadda za ka faɗa

Bayan duk wannan, ba dole ne ka fito da "gaskiya ne" ko "ƙarya ne" ba. Ba labarin nauyi: mai ƙarfi, mai rauni, ko wanda sai an jira. Sannan ka auna abin da za ka yi asara in ka yi kuskure. Ƙara zogale a miya bisa labari mai rauni ba zai cutar da kowa ba. Ajiye maganin hawan jini ko allurar insulin bisa labari irin wannan na iya kai mutum kushewa. Gwargwadon girman abin da ake so ka bari, gwargwadon ƙarfin hujjar da za ka nema.

Zargi ma sai an auna shi. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, aka ba kusan rabinsu shi, sauran aka ba su wani maganin. Yara 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya a 2009 aka yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, ban kuma ga laifinsa ba. Amma da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 bisa jita-jitar hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20, yaran da suka shanye kuma namu ne da na maƙwabtanmu. Jita-jitar ba ta taɓa amsa nawa cikin nawa ba, a yankin da aka yi wa miliyoyin yara ɗigon kuma haihuwa ba ta tsaya ba.

In babba ne ya turo saƙon, kada ka ƙaryata shi a gaban jama'a a cikin zaure. Kira shi, ku gaisa sosai, sannan ka ce: "Kawu, na ga saƙon da kuka turo, Allah ya saka da alheri. Na ɗan bincika, sai na ga a kan ɓeraye aka yi gwajin, ba a kai ga mutane ba tukuna. Don Allah kada ku bar maganin da likita ya rubuta muku. Ranar da za ku koma asibiti ni zan kai ku, sai mu nuna masa saƙon tare."